Jirgin da Babu Wanda Ya Yi Cigiyarsa: Jita-jitar Jiragen Ƙarƙashin Teku na Japan a Gaɓar Ostiraliya



A arewaci da yammacin ƙasar Ostiraliya akwai gaɓar teku mai tsawon dubban kilomita, wadda mutum zai yi kwanaki yana binta bai iske gari ba. Tun da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu mazauna wannan yanki suke ba juna labarin jiragen ƙarƙashin teku na Japan. Wai da dare suke shigowa lunguna su ɗebi ruwan sha, wai suna da maɓoya a bakin koguna inda aka jibge musu mai, wai har gobe akwai wanda ke kwance cikin taɓo da gawarwakin matuƙansa, kuma gwamnati ta sani ta yi gum. Mafi nauyin waɗannan labarai shi ne mai cewa jirgin Japan ne ya nutsar da babban jirgin yaƙin Ostiraliya, Sydney, tun kafin Japan ta shelanta yaƙi. Japan ba baƙuwa ba ce a tarihinmu, domin da ita kakanninmu suka gwabza a Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, kuma ta Tekun Indiyan da za mu yi magana a kansa aka kai su can. Hujjar da nake so in kafa guda ɗaya ce. Jirgin ƙarƙashin teku yana iya ɓuya wa ido, amma ba ya ɓuya wa lissafi. Kowane jirgi yana da lamba, da ma'aikatar da ta ƙera shi, da ranar da ya bar sansani, da iyalan da suka zauna jiran mutanensa. Saboda haka wajibi ne a bambanta jirgin da aka san ya ɓata amma ba a san inda yake ba, da jirgin da ake nuna wurinsa alhali babu wanda ya taɓa cigiyarsa. An sha gano na farko. Na biyu kuwa, a wannan gaɓa, ba a taɓa fito da ko guda ba.

Adalci ya sa mu fara da cewa tsoron mutanen yana da tushe. Daga Janairun 1942 jiragen ƙarƙashin teku na Japan sun shiga ruwan Ostiraliya da gaske. Huɗu daga ciki, masu lamba I-121 zuwa I-124, sun dasa nakiyoyi a mashigan arewa. A watan Fabrairu wani matuƙi mai suna Nobuo Fujita ya tashi da ƙaramin jirgin sama daga doron jirgin I-25, ya yi shawagi a kan birnin Sydney, daga baya a kan Melbourne da Hobart, ya koma lafiya lau. Ranar 19 ga Fabrairu jiragen sama 188 suka yi wa Darwin ruwan bama-bamai a harin safe kaɗai, mutum sama da 230 suka mutu a wannan rana, sannan ranar 3 ga Maris aka afka wa Broome aka kashe aƙalla 88. A daren 31 ga Mayu ƙananan jirage uku, kowanne ɗauke da mutum biyu, suka doshi tashar birnin Sydney ta ƙarƙashin ruwa. Ɗaya ya harba topido, wato makamin da ke gudu cikin ruwa ya fasa cikin jirgi. Ya auna jirgin Amurka mai suna Chicago ya kuskure, makamin ya halaka wani jirgin kwanan sojoji, Kuttabul, da mutum 21. Mako guda bayan nan aka yi ta harbo harsasan igwa daga teku zuwa cikin Sydney da Newcastle. Ranar 14 ga Mayun 1943 aka nutsar da jirgin asibiti Centaur a gaɓar Queensland, mutum 268 cikin 332 suka rasu. Wanda ya rayu cikin waɗannan shekaru, in ya hango baƙin abu a kan ruwa da magariba ya ce Japanawa ne, ba za a ce ya yi wauta ba.

Gaɓar arewa tana da nata dalilin na daban. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Japanawa suke nutso neman lu'ulu'u a Broome da Darwin da tsibirin Thursday, har an binne mutum sama da 900 a maƙabartarsu ta Broome. Sun san mashigan ruwan fiye da yawancin Turawan ƙasar, kuma a ƙasar da ta kafa dokar taƙaita shigowar wanda ba farar fata ba tun 1901, wannan sani ya isa ya jawo musu zargin leƙen asiri. Da yaƙi ya ɓarke a Disambar 1941 aka kwashe su aka tsare. Sannan wasu abubuwa sun faru da gaske a wuraren da babu kowa. Ranar 22 ga Janairun 1943 wani jirgin saman Japan mai sauka a ruwa ya nutsar da ƙaramin jirgin Patricia Cam kusa da tsibiran Wessel, ya sauka ya ɗauke wani malamin mishan, Leonard Kentish, wanda aka kashe daga baya. Kwana shida bayan haka jirgin I-165 ya harba igwa kan ƙauyen Port Gregory a yamma, bai yi ɓarna ba. A Janairun 1944 wani kwale-kwalen kamun kifi, Hiyoshi Maru, ya taso daga Kupang a tsibirin Timor da 'yan leƙen asirin sojan Japan, suka sauka a yankin Kimberley, suka yi ɗan zagaye suka koma. Wannan ita ce kaɗai saukar sojan Japan da aka tabbatar a doron ƙasar, kuma a lura, ba da jirgin ƙarƙashin teku aka yi ta ba. A kuma lura da yadda muka san waɗannan abubuwa: duk da kaɗaicin wuraren, kowannensu ya bar sawu, ko a takardun Japan, ko a saƙonnin da aka kama, ko a shari'ar bayan yaƙi. Kaɗaicin gaɓa bai hana abin da ya auku shiga tarihi ba.

Yanzu mu dubi shi kansa jirgin, mu ga ko yana bukatar maɓoya. Jiragen wancan zamani da injin dizal suke tafiya a saman ruwa, da batir a ƙarƙashi, kuma batirin ba ya riƙe su ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu ko da a hankali suke tafiya, dole su fito su cika shi su shaƙi iska. Amma a saman ruwa nisan zangonsu abin mamaki ne. Irin su I-25 tsawonsu ya kai mita 108, matuƙansu 94, kuma da cikin mai ɗaya suna iya cin kusan kilomita 26,000. Daga 1942 Japan tana riƙe da Penang da Surabaya da Rabaul, ban da babban sansaninta na Truk, kuma daga Surabaya zuwa arewa maso yammacin Ostiraliya bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan zango ba. Mai irin wannan ƙarfi me zai kai shi ɓoye gangunan mai a ƙasar abokin gaba? Ban da haka, gaɓar da ake magana tarko ce ga babban jirgi. A mashigin King kusa da Derby, tsakanin cikowar teku da janyewarsa ya haura mita 11, inda jirgi ke yawo da safe yana iya zama fili na taɓo da rana. Yawancin Tekun Carpentaria zurfinsa bai kai mita 70 ba. Tsaron jirgin ƙarƙashin teku zurfi ne da sarari, kuma lungun kogi ba shi da ko ɗaya. Inda Japanawa suka yi amfani da wani wuri na kaɗaici kuwa, tarihi ya riƙe shi. A Maris na 1942 jiragensu sun shayar da manyan jiragen sama biyu mai a French Frigate Shoals, arewa maso yamma da Hawai, kuma Amurkawa suka gane, suka girke jiragensu a wurin, abin bai sake yiwuwa ba.

Babban gwajin wannan hujja shi ne batun jirgin Sydney. Ranar 19 ga Nuwambar 1941 yana komowa daga rakiyar wani jirgin sojoji zuwa mashigin Sunda, sai ya haɗu da wani jirgin kaya mai cewa shi na Holan ne, sunansa Straat Malakka. Ashe Kormoran ne na Jamus, da igwoyi a ɓoye, ƙarƙashin Theodor Detmers. Kyaftin Joseph Burnett ya matso har tazarar ta koma kilomita ɗaya da 'yan kai, Jamusawa suka yaye lulluɓi suka buɗe wuta. Jiragen biyu duka suka nutse. Daga Kormoran mutum 318 cikin 399 suka tsira, daga Sydney kuwa, cikin 645, ko mutum ɗaya bai dawo ba. A nan ciwon yake. Jirgin da ƙasa ke alfahari da shi, wanda ya yi suna a Bahar Rum a 1940, ya halaka a hannun jirgin kaya da aka ɗora wa makamai, kuma shaidun da suka rage duka abokan gaba ne. Zuciya ba ta karɓar irin wannan cikin sauƙi. A 1981 Michael Montgomery, ɗan jami'in da ke duba wa Sydney hanya, ya fitar da littafi yana cewa jirgin ƙarƙashin teku na Japan ne ya ƙarasa Sydney, sannan aka bindige waɗanda suka tsira a cikin ruwa don kada asiri ya tonu, tunda saura kwana 18 a kai harin Pearl Harbor. Labarin ya samu karɓuwa saboda ya amsa tambayoyi biyu lokaci guda, ya wanke kyaftin daga sakaci, ya kuma bayyana dalilin da babu wanda ya tsira.

Amma tun kafin a ga ɓaraguzan jirgin, lissafi ya ƙi wannan labari. A tsakiyar Nuwambar 1941 manyan jiragen ƙarƙashin teku na Japan fiye da 20 suna kan hanyar Hawai ko suna shirin kama ta, sauran ana tanadinsu don Malaya da Filifin, kuma masu bincike sun bi su ɗaya bayan ɗaya ba su sami wanda za a ajiye a yammacin Ostiraliya ba. Ta fuskar siyasa ma bai ɗauru ba. Duk shirin Japan ya dogara ne da mamaya, jakadunta suna Washington suna jan zance, rundunar da za ta kai harin ba ta ma bar gida ba sai 26 ga Nuwamba. Wane kwamanda ne zai sayar da wannan sirri don jirgi guda, a haɗuwar da babu wanda ya shirya ta? Kwamitin majalisar dokoki da ya ba da rahoto a 1999 bai sami hujjar hannun Japan ba. Sai a Maris na 2008 aka kai ga abin da ya raba gardama. Wata tawaga ƙarƙashin David Mearns, da na'urar da ke aika sauti ƙasan teku ta karanta amonsa, ta gano Kormoran ranar 12 ga wata, kusan daidai inda fursunonin Jamus suka ce tun 1941, wato digiri 26 kudu, 111 gabas. Kwana huɗu bayan haka aka ga Sydney, kimanin kilomita 21 daga nan, a zurfin mita 2,468. Hotuna suka nuna raunin manyan harsasan igwa aƙalla 87, da ramin topido a gaba, inda goshin jirgin ya ɓalle, da kwale-kwalen ceto da wuta da harsashi suka lalata. Duk ya yi daidai da bayanin Jamusawa. Hukumar bincike ta alƙali Terence Cole ta kammala a 2009 cewa babu jirgi na uku. Gawa ɗaya tilo da teku ya kai tsibirin Christmas a Fabrairun 1942, da aka tono ta a 2006, ɓarɓashin harsashin igwa aka samu a ƙoƙon kai, ba harsashin bindiga ba, kuma a 2021 gwajin ƙwayoyin gado ya nuna Thomas Welsby Clark ne. Shaidun da aka yi shekara 66 ana ƙaryatawa don abokan gaba ne, su ƙarfen ya gaskata.

Misali na biyu yana nuna yadda jita-jita ke samun abincinta. Jirgin I-124 gaskiya ne, an san ranar mutuwarsa: 20 ga Janairun 1942, jirgin Ostiraliya Deloraine ya nutsar da shi kusa da Darwin da mutum 80 a ciki. Da masu nutso suka sake gano shi a 1972, a zurfin da bai wuce mita 50 ba, sai labarai suka yi masa rufa. Aka ce cike yake da zaiba mai tsada wadda za ta iya gurɓata kifin yankin. Aka ce Amurkawa sun shiga cikinsa a 1942 sun ɗauko littattafan rubutun sirri. Aka ce akwai na biyu a kwance kusa da shi. Masu bincike, cikinsu har da masanin tarihi Tom Lewis, sun bi kowanne zuwa tushensa, kuma abin sha'awa shi ne kowanne yana da uwa ta gaskiya a wani wuri. Zaiba jiragen Jamus ne suka yi dakonta zuwa gabas a ƙarshen yaƙi, kamar U-859 da aka nutsar kusa da Penang a 1944 aka kuma kwaso zaibarsa a 1972, shekarar da aka sake ganin I-124. Littattafan sirri kuwa daga I-1 aka samo su, wanda ƙananan jiragen New Zealand biyu suka kora kan duwatsu a Guadalcanal a Janairun 1943. Jirgi na biyu ya samo asali daga zaton da maharan suka yi a ranar cewa sun kashe fiye da ɗaya, alhali sauran ukun sun koma gida, an kuma san inda kowanne ya ƙare. Galibin jita-jita ba ƙirƙira ba ce daga babu. Gaskiya ce da ta bar wurinta da shekararta ta sauka a kan wani jirgi.

Akwai masu ja, kuma hujjojinsu sun cancanci amsa. Na farko zai ce, yaya za a dogara da takardun Japan alhali an san sojojinta sun ƙona ɗimbin takardu a Agustan 1945, tsakanin miƙa wuya da isowar sojojin mamaya? Ƙonawar gaskiya ce. Sai dai tarihin jirgi ba a takarda ɗaya yake ba. Ma'aikatun Kure da Yokosuka da Sasebo da Kobe sun san abin da suka ƙera. Masu fasa rubutun sirri na ƙawance, ciki har da ofishinsu na Melbourne, sun yi ta kama saƙonnin jiragen tun ana yaƙi, kuma waɗannan takardu ba Japan ke riƙe da su ba balle ta ƙona. Bayan yaƙi an yi wa jami'an da suka tsira tambayoyi, an ƙirga jiragen da aka miƙa, har 24 daga cikinsu aka nutsar da gangan kusa da tsibiran Goto ranar 1 ga Afrilun 1946. Japan ta buga tarihin yaƙinta na hukuma a juzu'i 102 tsakanin 1966 da 1980, kuma a cikinsa ne, a 1979, ta ambaci I-177 a matsayin wanda ya nutsar da Centaur, abin kunyar da ta fi kowa son binnewa. Ta yi asarar jiragen ƙarƙashin teku sama da 120, kowanne da lambarsa da sunayen matuƙansa. Don jirgin ɓoye ya tabbata, sai an goge shi daga duk waɗannan wurare a lokaci guda, a kuma rufe bakin iyalai kusan ɗari har tsawon rayuwarsu.

Na biyu zai ce ruwa ba ya tsami banza, ai gwamnatin Ostiraliya ta yi ɓoye-ɓoye. Ta yi kuwa. Sai ranar 30 ga Nuwamba Firayim Minista John Curtin ya sanar da ɓatan Sydney, kwana 11 bayan faruwar abin, lokacin da zancen ya riga ya cika gari. Adadin mamatan Darwin da aka fara faɗa wa jama'a ya yi ƙasa ƙwarai da gaskiya, kuma rahoton alƙali Charles Lowe bai fito fili ba sai 1945. Wannan shiru shi ya share wa jita-jita fili, domin wanda ya kama hukuma da ɓoye abu ɗaya zai zarge ta da ɓoye goma. Amma a duba irin abin da aka ɓoye: asara, da sakaci, da ruɗewar da ta biyo bayan hari, wato abin da zai karya zuciyar jama'a. Hannun Japan a halakar Sydney ba ya cikin wannan jinsi. Bayan 7 ga Disambar 1941 babu abin da zai fi yi wa gwamnati amfani wajen zuga mutane kamar labarin cewa Japan ta kashe matuƙa 645 da yaudara kafin shelar yaƙi. Bayan 1945 kuma Ostiraliya ta gurfanar da ɗaruruwan sojojin Japan a kotunanta, alƙalinta William Webb shi ya shugabanci kotun Tokyo. Ƙasar da ta bi kadin kisan malamin mishan guda har ta hukunta wanda ya ba da umarni, ba ta da dalilin rufa wa Japan asirin kisan mutum 645.

Na uku shi ne mafi ƙarfi. Zai ce teku faɗi gare shi, rashin ganin abu ba ya nufin babu shi, ga M-24 shaida. M-24 shi ne ƙaramin jirgin da ya halaka Kuttabul ya fice daga tashar, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai Nuwambar 2006, da wasu masu nutso don nishaɗi suka yi kiciɓis da shi a zurfin mita 50 da 'yan kai, dab da unguwannin arewacin birnin Sydney. In jirgi zai kwanta shekara 64 a ƙofar birni mafi girma ba a gan shi ba, ina ga Kimberley? Na yarda teku yana ɓoye ƙarfe. Amma M-24 yana cikin jinsin farko da na ambata. Tun 1942 an san uku suka zo, biyu aka tsamo, an san sunayen matuƙan na ukun, wurinsa kawai ya ɓace. Haka I-178, wanda ya fita sintiri gabashin Ostiraliya a tsakiyar 1943 bai koma ba, Japan ta rubuta shi cikin waɗanda suka ɓata. Neman irin waɗannan aiki ne na hankali. Makiyayin da ya koro garke da yamma ya san saniyar da ba ta shigo ba ko da bai san dajin da ta faɗa ba, amma in an zo masa da labarin saniyarsa a rami alhali garke ya cika, ba zai ɗauki igiya ba. Kuma labarin M-24 yana da wani darasi da masu kawo shi ba sa so: cikin waɗancan shekaru mutum sama da 50 sun je wa rundunar ruwa da cewa sun gano shi, kuma duka ba shi ba ne. Ko inda jirgin ya tabbata akwai shi, ikirarin gani ya yi kuskure sau hamsin kafin ya dace sau ɗaya.

Na huɗu zai ce, to dattawan da suka gani da idonsu fa, masunta da makiyaya da 'yan asalin ƙasar, duk maƙaryata ne? Ko kusa. Bai kamata a raina shaidar baka ba, musamman ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda sojoji kansu suka dogara da su. Donald Thomson ya ɗauki mayaƙan ƙabilar Yolngu kimanin 50 don gadin Arnhem Land, kuma rundunar sa ido ta arewa ƙarƙashin W. E. H. Stanner da jagorancinsu ta yi sintiri a kan dawaki. Abin tambaya shi ne me idon ya gani. Daga Maris na 1942 tashar Fremantle ta zama sansanin jiragen ƙarƙashin teku na Amurka, daga baya da na Birtaniya da Holan, mafi girma a yaƙin gabas in an cire Pearl Harbor. Waɗannan jirage ta gaɓar yamma suke bi zuwa arewa, suna shan mai a mashigin Exmouth, kuma zirga-zirgarsu sirri ce da ba a faɗa wa farar hula. A Satumbar 1943 wani tsohon kwale-kwalen Japanawa, Krait, ya tashi daga Exmouth ɗin nan zuwa Singapore ɗauke da sojojin Ostiraliya da Birtaniya da suka yi shigar masuntan yankin. Ga kuma manyan kifayen whale da ke hawa wannan gaɓa kowace shekara zuwa Kimberley don haihuwa. Mutum yana iya faɗin gaskiya tsantsa game da abin da ya gani, ya kuskure kawai wajen cewa na wane ne. Girmama shaida shi ne a ɗauki maganarsa a auna ta da rana da wuri da sauran bayanai, kamar yadda za a yi wa takardar hukuma.

Wani zai ce to mene ne laifi in an bar mutane da labaransu? Laifin shi ne akwai masu biyan kuɗinsa. A 1995 aka shelanta an gano Centaur kusa da Cape Moreton, hukuma ta amince ta ba wurin kariya, iyalai suka riƙa zuwa suna jefa furanni, wasu har da tokar mamatansu. A 2003 aka duba aka tarar wani tsohon jirgi ne da bai kai girman Centaur ba. Na ainihin sai Disambar 2009 aka same shi, a zurfin da ya haura mita 2,000. Shekara takwas mutane suna makoki a kan ƙarfen da ba nasu ba, saboda ba a auna ikirari ba kafin a karɓa. Iyalan matuƙan Sydney sun yi shekaru da tunanin cewa an bindige 'ya'yansu suna iyo, abin da bai faru ba. An ɗora wa Jamusawan da suka tsira da Japanawan da ba su je wurin ba laifin kisan gilla. Shi kuwa I-124, labarin dukiya ya sa an taɓa kai masa nakiya an lalata wani sashensa, alhali kabari ne na mutum 80, kuma rikicinsa na cikin abin da ya sa aka ba shi kariya ƙarƙashin dokar tsoffin ɓaraguzan jirage ta 1976. Sojojin Japan sun aikata laifuffuka na gaskiya masu yawa, Centaur na cikinsu, kuma ƙara musu na ƙarya yana ba mai son musun na gaskiyar makami ne kawai.

Saboda haka, in aka zo mana da labarin jirgin da ke ɓoye, a can ko a wata gaɓa, tambayoyin da za mu yi sanannu ne. Wane jirgi ne, mece ce lambarsa? Ina aka gan shi na ƙarshe, kuma wa ya rubuta? Me zai kai shi wurin, kuma ruwan wurin zai iya ɗaukarsa? Akwai shaida ta biyu da ba daga bakin ta farko ta fito ba? Wanda ya iya amsa waɗannan ya cancanci a ba shi jirgi da na'ura ya je ya duba, domin ta haka aka gano Sydney da Kormoran da Centaur, ta bin takardu da maganar shaidu har aka taƙaita teku zuwa filin da za a iya bincikawa. Wanda amsarsa kullum ita ce an ɓoye, ya gina labarin da babu abin da zai iya rushe shi, kuma labarin da ba ya karɓar gwaji ba shi da hakkin a kira shi tarihi. Ɗalibin tarihi yana da ikon tausaya wa mai baƙin ciki, yana da ikon zargin hukuma, amma hukuncinsa dole ya bi hujja, ko da hujjar daga bakin abokin gaba ta fito.